Makonni Bakwai da Jummai Ta Yi a Ɗakin Sailuba

A Kurmin Sarki, a shekarun nan da Abuja ta cika ta batse har ta riƙa zubo ma'aikata cikin Suleja, in bayan yaro ya fita, wato duburarsa ta zazzago waje, ba a tsayawa doguwar shawara, sai a ce a kai shi wurin Sailuba mai kitso. Ita ba ungozoma ba ce, ba ta gaji magani ba, bokon ma a aji biyar ta ajiye shi. Abin da take da shi hannu ne mai taushi, sai kuma bakin korar iyaye zuwa asibiti. Za ta wanke hannu, ta kifa yaron a cinyarta, ta lallaɓa ta mayar masa da bayan, sannan ta ɗago ta dubi uwar ta ce, "Na mayar, amma ban warkar ba. Gobe da sassafe ki je ki yanki kati." Matan unguwa suna cewa baiwa ce. Ba wata baiwa. A jikin 'yarta ta fari ta koya, cikin makonni bakwai, kuma su kaɗai ne makonnin da yarinyar ta yi a hannunta tun da aka yaye ta.

'Yar birnin Zariya ce, kakarta ta rene ta, tsohuwar da in kika yi dariya haƙora suka fito sai ta tambaye ki ko tallansu kike yi. A 1991 aka kawo ta Suleja amarya, ɗakin Ghali, masinja a wata ma'aikata da ta taso daga Legas. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, banɗaki biyu, rijiya ɗaya, igiyar shanya kuwa kullum sai an yi cacar baki a kanta. Ghali yakan fita bayan sallar asuba ya bi motar ma'aikata, ba ya dawowa sai an yi magariba. Don kada kaɗaici ya kashe ta, Sailuba ta kafa kujera 'yar tsugunno a inuwar bango ta fara kitso. Kafin shekara ta zagayo kan 'yan matan layin duk ya bi ta hannunta.

Ƙofarta tana kallon ta Rut, matar Malam Ishaku malamin firamare. Rut nas ce a asibitin gwamnati, kowa Maman Timoti yake ce mata, kuma ba ta san magana a hankali ba. In tana gaishe ka, na ɗaki na takwas ma sai ya amsa. Da Sailuba ta haihu ranar wata Juma'a, ita ce ta fara faɗowa ɗakin tana cewa, "Maman Jummai! Sannu da ƙoƙari, Maman Jummai!"

Sailuba ta ja mayafi ta rufe fuska kamar wadda aka kama da sata. A gidan da ta tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka da baƙi a ɗaki sai ta yi kamar ba ta ji ba har wani ya ce ta ɗauke shi. Kunyar ɗan fari ke nan, Sailuba kuwa ta iya ta tsaf. "Yarinyar nan" take cewa, ko "waccan". Rut ta yi mata tsiya har ta gaji. Abin da Rut ba ta sani ba, in mutane sun watse ƙofa ta rufu, Sailuba takan zauna ta ƙirga yatsun jaririyar ɗaya bayan ɗaya, ta yi ta shinshina wuyanta har hawaye su zubo mata.

Ghali yana da yaya mace, Bara'atu, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. A Izom take aure, gidan Alhaji Sabo mai sarin doya, shekara goma sha shida ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ranar suna, da ta karɓi jaririyar, sai Ghali ya ce a gaban jama'a, "Yaya, wannan taki ce." Bai yi shawara da kowa ba, kowa kuma ya ce ya kyauta. Sailuba tana daga uwar ɗaka ta ji, ta ɗauka irin maganar ranar suna ce da ake yi a manta.

Bara'atu ba ta manta ba. Da lokacin yaye ya yi ta zo da sabon zanen goyo, ta tafi da Jummai. Yayen da ake yi kwana goma ko mako biyu a dawo da yaro, sai ga shi wata ya wuce, wani ya bi shi, har aka aiko a ba da sauran kayan yarinyar. Sailuba ta ninke su da hannunta ta ba da. Me za ta ce? A ji ta tana kukan 'yar fari, a kai labari Zariya? Daga baya ta haifi Salisu, aka koma ce mata Maman Salisu, kowa ya ce ai ta sami madadi. Ita dai ta san ba ta samu ba. Tsakanin Suleja da Izom mota ba ta cika awa guda ba, amma sai da sallah take zuwa, ta tarar yarinyar tana kiran Bara'atu Inna, ita kuma Anti. In mutanen Izom suka biyo da saƙo, sai ta tsare su da gaisuwa: yaya Yaya, yaya Alhaji, yaya tsohuwa, yaya awaki, kajin sun yi ƙwai? Duk tana zagaye ne ko wani zai yi kuskure ya ce Jummai ta yi wayo.

A daminar 1995, Jummai tana shekara uku da 'yan watanni, gudawa ta kama ta, ta ƙi tsayawa. Wata safiya Bara'atu ta ɗaga ta daga kan fo sai ta ga bayanta ya fito, ja wur, kamar an juya bakin safa. Tsofaffin gida suka leƙo, wannan ta ce basir ne, waccan ta ce ɗankanoma. Kowa kuwa ya san abin da ake cewa yana kawo basir: zaƙi da maiƙo. Bara'atu, da yake son yarinyar ya yi mata yawa, sai ta hana ta komai. Ba sukari, ba mai, ba ƙwai, ba nama, ba madara, sai tsinkakken koko da ɗan tuwo da miya salam. Ta zaunar da ita a ruwan bagaruwa, ta ɗumama dutse ta naɗe da tsumma ta ɗora ta a kai. In yarinyar ta ce za ta yi kashi, sai ta dasa ta a kan fo ta tsaya a kanta tana cewa, "Yi nishi, 'yar Inna, fitar da shi duka," har a kwashe rabin awa. Wata uku ana haka. Yarinya ta ƙare, wuya ya yi tsawo, bayan da yake fita sau ɗaya a rana ya koma fita sau biyar.

Sai kuma jini ya fara biyo kashin, wata rana har wani ɗan abu ya leƙo daban, girman rabin jan goro. Aka kira wanzami ya duba ya ce tsiro ne, yanzu zai yanke shi. Da Bara'atu ta ga ya zaro aska yana wasa ta, sai zuciyarta ta ƙi. Ta saɓa yarinyar a baya, ko sallama ba ta tsaya yi wa mutanen gida ba, ta nufi bakin titi.

Bayan azahar suka iso Suleja. Sailuba tana tsakiyar kitson wata yarinya, ta miƙe ta yi wa Yaya sannu da zuwa, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa ta jero gaisuwa yadda aka koya mata. Ba ta dubi abin da aka kwance daga goyon ba. Ta wutsiyar ido dai ta ga wuyan hannun, siriri kamar kara.

Ba a jima ba Jummai ta ce za ta yi kashi. Bayan ya fita, wannan karon kuma ya kumbura ya ƙi komawa. Kukanta ya fito da Rut daga ɗaki da ɗaurin ƙirji, ta duba sau ɗaya ta ce, "Yesu na! Maman Jummai, akwai sukari a ɗakinki? Kawo da sauri, da basilin."

Bara'atu ta dafe ƙirji. "Sukari kuma, Malama? Ai shi ya jawo mana wannan masifar."

"Mama, ba sha za ta yi ba. Ki tsaya ki gani."

Rut ta wanke hannu, ta kifa yarinyar a kan tabarma da matashi a ƙarƙashin mararta, ta barbaɗa sukari a kan naman da ya fito. Aka zauna ana jira. Can sai kumburin ya fara sacewa, sukarin ya zuƙe ruwan. Rut ta lakaci basilin, sai kuma ta tsaya ta juyo.

"Ke, kawo hannunki."

Sailuba ta dubi Bara'atu, ta dubi matan gida da suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai.

"Abeg, don Allah ki bar wannan abu," in ji Rut. "Gobe ina wurin aiki. In ya fita wa zai mayar, kunyarki?"

Haka Sailuba ta durƙusa, Rut ta kama yatsunta ta ɗora, tana cewa ta danna daga tsakiya a hankali, kada ta yi gaggawa, kada ta saki. Ta ji naman yana komawa a ƙarƙashin yatsunta har ya shige. Rut ta haɗe ɗuwawun ta manne da filasta. Rabon Sailuba da ta taɓa jikin yarinyar nan ita da kanta, shekara ɗaya da rabi ke nan.

Washegari suka yanki kati. Likitan saurayi ne, mai haƙurin bayani. Ya sa safar hannu ya duba, ya ce abu biyu ne a nan, kuma babu basir a ciki. Bayan yana fita ne don yarinya ta rame, babu naman da zai riƙe shi, ga tsutsar ciki, ga dogon zama a kan fo ana nishi. Tsiron kuwa daban yake, ɗan nama ne mai siririn wuya a cikin hanji, shi yake zubar da jinin. A yara ƙanana yawanci ba mugu ba ne, za a cire shi, amma sai jininta ya dawo tukuna. Da Bara'atu ta faɗi maganar wanzami, likitan ya ajiye biro ya ce ta gode wa Allah da ta gudo, don da askar ta hau hanjin da ya fito, da wani labarin ake yi. Ya ce a ba ta ƙwai, a ba ta wake, hanta, ganye, gwanda, duk abin da aka hana ta.

A barandar asibiti Bara'atu ta zauna ta fashe da kuka. "Ashe ni na yi mata. Da hannuna na hana ta abinci, ina ganin gata nake yi mata."

Sailuba ta yi ta ba ta haƙuri, kuma har zuciyarta take bayarwa, don ba ta taɓa shakkar son da matar nan take yi wa yarinyar ba. Sai dai Bara'atu ba ta da halin zama. Uwar Alhaji tana kwance ba mai juya ta sai ita, ga kaka ta kama ana haƙar doya. Kwana uku ta yi, ranar na huɗu ta ce, "Sailuba, ga amana nan. Ranar da likita ya sallame ta ki aiko mini in zo in ɗauke ta." Ta sulale yayin da yarinyar take barcin rana.

Makon farko ba daɗi. Jummai ta yi kukan Inna har muryarta ta dishe, ta ture kwano, ta ciji Sailuba a hannu. Sailuba ta ajiye kitso gaba ɗaya, masu zuwa suka yi ta komawa da tsefaffen kai suna gunaguni. Ta dafa ƙwai ta yanka shi gida huɗu, ta ce wannan na kaza ne, wannan na akuya, wannan na Salisu, wannan na wa? Can yarinyar ta miƙo hannu. Daga nan aka samu kanta. Fo kuwa aka jefa shi ƙarƙashin gado. In za ta yi kashi, Sailuba takan zaunar da ita a kan ƙafafunta biyu yadda ake yi wa jarirai, ta haɗe mata cinyoyi, tana ba ta labari don kada ta yi nishi, da ta gama ta ɗaga ta. In bayan ya fita ta mayar. Ranar farko da ta yi ita kaɗai gumi ya jiƙa mata riga, bayan kwana goma kuwa tana yi tana yi wa Salisu tsawa ya bar taɓa murhu.

Sannu a hankali sau biyar ya koma sau biyu, ya koma sau ɗaya, har aka yi kwana uku bai fita ba. Sailuba tana lura da wannan da zuciya biyu, kuma ta san da haka, tana jin kunyar Allah a kai. Tana so yarinyar ta warke fiye da komai a duniya. Amma duk ranar da aka wuni lafiya, sai ta ji kamar an matso mata da motar Izom kusa da ƙofa.

A mako na uku ta yi mata kitso. Kan 'ya'yan mutane nawa ta kama a garin nan, ba ta taɓa sanin gashin 'yarta laushi gare shi irin na kakarta ba. Ta yi mata shuku ƙanana, tana yi tana jan lokaci, har yarinyar ta yi barci da kanta a cinyarta. Sailuba ta ƙi motsawa, ƙafarta ta yi tsami, tuwo ya kama a tukunya. Rut ta wuce da bokiti ta gan su, ta buɗe baki za ta yi tsiya, sai kuma ta rufe abinta ta wuce.

A mako na biyar aka yi aikin. Ba a daɗe ba likita ya fito da 'yar kwalba ya nuna mata abin yana yawo a cikin ruwa. Sailuba ta yi ta kallonsa tana mamakin ɗan wannan abu ne ya shanye jinin yarinya. Bayan kwana biyu aka sallame su, jini ya ɗauke, baya ya zauna. Da suka koma a duba, likita ya ja kumatun Jummai ya ce ta warke, ba sai sun dawo ba.

Sailuba ba ta aika Izom ba. Ghali ya tambaye ta, ta ce likita bai gama ba tukuna. Ita ce ƙarya ta farko da ta yi masa, kuma ba ta iya ba, don yana kallonta ya gane. Wata Asabar da safe, yana goge takalminsa, ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Malam, da za ka yi wa Yaya magana."

"Wace magana?"

"Ta yarinyar nan. Na ga kamar nan ya fi kusa da asibiti."

Ghali ya daɗe yana goge takalmi ɗaya. "Sailuba, na san abin da kike nufi. Ni ma ina ji. Amma matar nan ita ta goye ni, da bakina kuma na ba ta, a gaban mutane. In ita ta ce ta bar miki, to, Alhamdu lillahi. Ni dai ba zan iya kallon idonta in ce ta dawo da ita ba."

Daga ranar Sailuba ta fara tsara magana. Tana wanke-wanke tana jerawa, tana jan ruwa tana gyarawa. Za ta ce, Yaya, ki bar mini ita ko zuwa ta shiga makaranta. Za ta ce, Yaya, ko mu riƙa karɓa-karɓa. Ta gwada wa Rut, Rut ta ce, "Wannan dogon turanci na mene ne? Ki ce Mama, ina son 'yata. Shi ke nan." Jummai kuwa har lokacin in ta ji sallamar mace a zaure sai ta ruga ta leƙa, ta dawo ta ce, "Anti, ba Inna ba ce." Amma in ta faɗi haka, zanen Sailuba take kamawa ta bi ta madafa.

Labari ba ya ɓuya tsakanin Suleja da Izom. Wani direban motar doya ya ga yarinyar tana tsalle a ƙofar gida, ya kai. Ranar da aka cika mako bakwai, da hantsi, sai ga Bara'atu da doya biyar da kaza a ɗaure. Ta rame, idanunta sun faɗa, kai ka ce ita ta yi jinyar. Jummai ta kwasa da gudu ta faɗa jikinta, Bara'atu ta ɗaga ta, ta ji nauyi, ta yi ta juya ta tana duba kumatu da kitso tana hamdala. Ba ta tambayi dalilin da ya sa ba a aika ba.

Bayan sun ci abinci, Jummai tana bin kazar nan a tsakar gida sai ta yi tuntuɓe ta buga goshi a bakin rijiya. Ta taso da kuka. Matan biyu suna zaune a tabarma ɗaya, Bara'atu har ta buɗe hannu. Yarinyar ta wuce ta, ta faɗa cinyar Sailuba ta cusa kai. Sailuba ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Bara'atu ta mayar da nata a hankali ta gyara ɗankwali.

Da kukan ya lafa, yarinyar ta koma wasa, Bara'atu ta yi gyaran murya. Ba ta ɗago ba, tana kallon saƙar tabarma ta ce, "Sailuba, na ga wahalar da kika sha. Ni na kusa kashe ta, ke kika tashe ta. In kina so ta zauna a wurinki, ki faɗa mini."

Ga ƙofa an buɗe. Duk maganar da ta yi mako biyu tana tsarawa tana nan a bakinta. Amma bakin da aka horar tun yana ƙarami ya riga ta.

"Haba Yaya. Ni mece ce tawa a ciki? Ai 'yarki ce."

Ta faɗa, ta sunkuyar da kai, tana jira. Can aka ji gugan wani yana karo da bangon rijiya. Sannan Bara'atu ta ce, "To. Allah Ya yi miki albarka." Ta miƙe ta ce a haɗo kayan yarinyar, kada su rasa motar la'asar.

Sailuba ta raka su har tasha, Salisu a bayanta. Duk hanya bakinta bai huta ba. Kada a bar ta ta daɗe a kan fo, Yaya. Ƙwai ko ɗaya ne kullum. Tana son gwanda amma ba ta son wadda ta nuna sosai. In an ga ko ɗigon jini a zo da ita. Maganin tsutsa bayan wata uku. Bara'atu tana ta cewa to, to, ba ta yarda sun haɗa ido ba. Da mota ta cika, Jummai ta leƙo ta taga daga cinyar Inna ta ce, "Anti, ba za ki zo ba?" Sailuba ta ce za ta zo da sallah. Ta tsaya har motar ta hau titin Minna, sannan ta juya gida. Akwai mace biyu suna jiran kitso, ta zauna ta yi musu.

Ciwon bai sake dawowa ba. Jummai ta yi ƙiba, ta shiga firamare a Izom, Bara'atu ta riƙe ta riƙon da ba mai kushewa. Sailuba ta ƙara haihuwar maza biyu, mace ba ta sake zuwa ba. Tana zuwa Izom da sallah, ta kai atamfa da 'yan kunne, ta zauna a baƙunce, yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta da ladabi ta tashi ta tafi wurin ƙawayenta. Makonni bakwai ɗin nan ba ta tuna su sosai, yarinya ce a lokacin. Sailuba kuwa babu ranar da ba ta tuna su, ta san abin da aka ci ranar kaza da rigar da aka sa ranar kaza.

A 1999 su Rut suka gama ɗan gininsu a Maje za su tashi. Ana gobe za su kwashe kaya, da yamma, ta zo ta zauna a gaban Sailuba a yi mata kitson sallama. An kai rabi sai ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, abin da ba a saba ji daga gare ta ba, "Maman Jummai, shekara huɗu ina so in tambaye ki. Ranar nan ina ɗaki ina jin ku. Da bakinta ta ce in kina so ki faɗa. Me ya hana ki?"

Sailuba ta ci gaba da tsaga gashi da tsinke, ta kama layi ɗaya ta kai shi ƙarshe kafin ta amsa.

"A wurinmu, Maman Timoti, in babba ya miƙo miki abu mai girma, ba ki karɓa a karon farko. Sai ki ce a'a. Shi kuma sai ya sake cewa, ya matsa, sannan ki karɓa. Da ta ƙara faɗa sau ɗaya tak, wallahi da na ce ina so."

Rut ta juyo da kai har gashin ya kuɓuce. "To ita ba ta san haka ba ne?"

"Ta sani," in ji Sailuba. "Gida irin namu ta tashi. Shi ya sa ta tambaya sau ɗaya."